Rabon Gero da Fartanya

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ce Talatu, daga wani ƙauye kusa da Ɗanzomo. Ina gaida 'yan'uwana na Maigatari.

Na ji baƙonka na makon jiya yana yabon tsarin gurguzu, wai a tara amfanin gona wuri guda a raba wa kowa. Tun ranar hankalina bai kwanta ba.

Kakata, Iya Gambo, tana yarinya aka yi wata babbar yunwa, farkon zuwan Turawa. Dattawan garinmu suka ce kowa ya juye sauran geronsa a rumbu ɗaya, a yi noma tare. Wallahi niyyarsu alheri ce. Amma da aka zo rabo, sai aka ce da fartanya za a ƙirga: duk mai fita gona, ƙwarya guda. Gidan su Iya fartanya ɗaya ce, ta babanta, ga yara ƙanana. Ƙannenta biyu ba su kai girbi ba.

Har ta koma ga Allah, duk jaririn da aka haifa a gidanmu, kafin suna sai ta sa maƙeri ya ƙera 'yar fartanya, ta tura ƙarƙashin shimfiɗarsa. In an yi mata dariya sai ta ce, "Ku bar masa, a ƙirga da shi."

Tawa tana nan cikin adakata. Da aka haifi jikana bana, ni ma sai da na aika wa maƙeri.

Don Allah, Malam, ka tambayar mini baƙon nan naka: in an tara hatsin duniya, da fartanya za a ƙirga, ko da baki?