Darasin Asabar na Faridatu

A tashar bas ta Oxford Road, Nuru, ɗalibin PhD, ya ji wata mata 'yar Ghana tana waya da Hausa. Da ta gama, ya gaishe ta.

"'Yata Faridatu nake jira," ta ce. "Tana sakandare, amma duk Asabar tana ɗaukar darasin jami'a. In ta shiga jami'ar, za a lissafa mata darussan, ta gama da wuri."

"Haba Hajiya, saurin me ake? Ni shekarata shida ina karatu, ban mutu ba."

"Na yi wa mahaifiyata alkawari, ranar da Faridatu ta gama zan koma Tamale."

"Ai akwai lokaci."

"Kai ke da shi, Malam. Tsohuwa shekarunta tamanin da shida."