Rinin Gemun Tsohon Kafinta

A ɗakin jiran jirgin ƙasa, wani ɗan kasuwa ya daɗe yana satar kallon dattijon da ke gefensa, har ya kasa yin shiru.

"Baba, a yi haƙuri, rinin gemunka ya ɓata wuyan rigarka."

"Bar shi, ɗana. Ni kafinta ne, wani gidan marayu na nufa a ƙetaren iyaka. In gyara musu benci, su ba ni ɗaki da abinci. Sauran wuraren, wai sai ka biya su kafin ka yi musu aikin sa kai!"

"To rinin fa?"

"Matasa suke ɗauka."

"In suka dawo da kai?"

"Tikitin zuwa kawai na yanka."

"Haba Baba! 'Ya'yanka sun sani?"

"Su suka kulle mini shago, wai in huta. Naka uban me yake yi?"

Ɗan kasuwan ya sunkuyar da kai. "Yana gida, yana hutawa."

Jirgi ya iso. Ɗan kasuwan ya yi wuf ya kama akwatin kayan aikin dattijon.

"Ajiye, ɗana. Su ma da ɗaukar mini akwati suka fara."