Hannu Riƙe da Fure

A tasha, mota ta ƙi cika. Wani tsoho sai duba agogo yake yi, matar da ke gefensa tana kallon bajon da ya maƙala a rigarsa.

"Baba, wannan hannu riƙe da fure fa?"

"Tambarin ƙawancen jam'iyyun ma'aikata na duniya ne. Sau biyu yaƙi yana wargaza shi, ana sake ɗinkewa. Direba, mu tafi mana!"

"Ina za ka da sauri haka?"

"Asibiti. Ƙanena ne kwance. Tun da ya sauya jam'iyya ban taka gidansa ba."

"Au! Waɗanda suka harbi juna sun shirya, ku kuna nan kuna gaba?"

"Su ai ba uwarsu ɗaya ba, 'yata. Direba! Kujerar da ta rage ni zan biya, ta da mota!"