Gashin Bakin Gimbiya

TURAN: Salamu alaikum. Yaya Bahram? Kana ji na?

BAHRAM: Wa alaikumus salam. A'a, Turan 'yar auta! Ya Shiraz?

TURAN: Lafiya lau. Ya Tehran? Ya Anti Nasrin da yara?

BAHRAM: Duk ƙalau. Ya jikin Mama?

TURAN: Da sauƙi, ta leƙa maƙwabta. Ya ƙafarka?

BAHRAM: Ƙafar da ta warke tun bara?

TURAN: Au, madalla. To ya... ya sanyi?

BAHRAM: Turan. Me kika fasa?

TURAN: Wallahi ban fasa komai ba! Sharar sabuwar shekara nake, ka san Nauruz saura kwana uku. Na wanke labule, na kakkaɓe dardumai, sai na zo kan zanen hoton Gimbiya.

BAHRAM: Na falo? Kakar kakar Mama? Wanda ko ƙuda Mama ba ta bari ya sauka a kai?

TURAN: Ƙura kawai na je sharewa. Sai na ga wani baƙi-baƙi a saman leɓenta. Na ce hayaƙin fitila ne ya taru.

BAHRAM: Innalillahi! Gashin bakinta ne!

TURAN: Ai yanzu na sani.

BAHRAM: Adon matan fada ne na zamanin, ke! Shi da haɗaɗɗiyar girar nan. Mai zanen sarki ya zauna ya ja shi sili-sili. Shekara ɗari da saba'in yana nan, an yi yaƙi, an yi girgizar ƙasa, bai motsa ba.

TURAN: To yau dai ya motsa.

BAHRAM: Da me kika goge?

TURAN: Da ruwan... farce.

BAHRAM: Me? Layin na yankewa.

TURAN: Ruwan cire jan farce!

BAHRAM: Gara da ban ji ba. Saurara, kar ki ƙara taɓa shi. Akwai masu gyaran irinsa a Isfahan, zan...

TURAN: Ai na riga na mayar.

BAHRAM: Kin mayar da me?

TURAN: Gashin bakin mana. Na fara da kwalli, ya ƙi zama. Sai na ɗauko man takalmi.

BAHRAM: Turan!

TURAN: Na ja dama, sai ta fi hagu tsawo. Na ƙara wa hagu, sai ta wuce dama. Na dawo dama...

BAHRAM: Yanzu ina ya kai?

TURAN: Kunne.

BAHRAM: Wanne?

TURAN: Duka biyun. Amma ƙarshen ya lanƙwashe da kyau, Yaya, in ka gani sai ka sara mata.

BAHRAM: Sauke shi! Tura ƙarƙashin gado kafin Mama ta dawo. In ta gani, asibiti za mu yi sallar shekara.

TURAN: Ya fi ni tsawo fa, ni kaɗai ba zan... wayyo, ƙofa! Ga ta nan. Sannu da dawowa, Mama! A'a, kar ki shiga falo, ƙasa a jiƙe... Mama!

BAHRAM: Ta gani? Turan? Yi magana mana!

TURAN: Ta tsaya. Ta dafe ƙirji. Yaya, kuka take.

BAHRAM: Shi ke nan, kin kashe ta.

TURAN: Tsaya... wai Allah ya yi min albarka. Wai ina na samo hoton babanta Kanar, ita da ba ta da ko guda ɗaya.

BAHRAM: Kanar? Da 'yan kunne da rumman a hannu?

TURAN: Ba ta sa tabarau ba. Yana aljihuna, kuma ba zai fito ba.

BAHRAM: Alhamdulillahi. To bar shi a haka, mun tsira.

TURAN: Na'am, Mama? To... to, yanzu. Yaya, wai a ɗauko Gimbiya a rataya ta kusa da shi, su yi Nauruz tare. Me zan ce mata? Yaya? Yaya Bahram! Ni ka kashe wa waya?