Ƙaramar Kyamarar Fibi

A wani shagon kyamara a kasuwar Jimeta, wani dattijo ya ga Fibi ta zaɓi ƙarama.

"'Yata, wannan ai abin wasan yara ne. Ɗauki babbar."

"Baba, mamata tana ganin babba za ta rufe fuska. Hotunanmu duk sun ƙone a Michika, ko na babanmu babu. Ba zan bari ita ma ta tafi haka ba. Wannan daga nesa take jawo mutum."

"Ƙaryar 'yan kasuwa ce."

Fibi ta juya masa kyamarar. Ga hotonsa da ta ɗauka ɗazu tana gwadawa, yana can bakin titi, baki buɗe, yana faɗa da mai keke.

Ya daɗe yana kallo.

"Mai shago, akwai wata? Tawa tsohuwar ma haka take."