Rubutun Kwalin Magani

A ɗakin jira na wani asibiti a Kuje, wani dattijo ya leƙa kwamfutar budurwar da ke gefensa.

"'Yata, har a nan ma aiki?"

"Maki nake bayarwa, Baba. Muna ba AI, wato ƙirƙirarriyar basira, kayan aiki, kowanne da bayaninsa; bayanin nake yi wa maki. In bayanin bai fito ba, sai ya ɗauki wanda bai dace ba."

"Karanto mini ɗaya."

"'Wannan yana goge fayil.' Takwas na ba shi cikin goma."

"Takwas? Bai faɗi yaushe ake taɓa shi ba, balle yaushe ake barin sa. Marigayiya matata, a kwalin maganina takan rubuta, 'Bayan tuwo. Kada ka haɗa da farin.' Wannan ne goma."

"Yanzu wa ke rubuta maka?"

"Babu. Kwana huɗu ban sha ba, na kasa bambance magungunan."

"Na mayar da makin uku. Tashi, Baba, mu je wurin mai ba da magani. Shi ya faɗa, ni in rubuta."

"Da manyan baƙaƙe, 'yata. Haka take yi mini."