Na Ce wa Likita Da Sauƙi

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, 'yan'uwa. Ni ban iya tsara magana ba, aji uku na yi na bari. Abin da ya faru kawai zan faɗa.

Lebura ne ni a aikin hanya, lokacin da kuɗin fetur ya shigo ƙasar nan. Kai, an yi zamani! Muna zuba kwalta a bayan Wudil, rana na dukanmu, muna waƙa. Ran Juma'a in an tashi mu faɗa kasuwa, mu ci tsire da yaji har gumi ya keto, wani ya kunna sabon rediyonsa a bakin kogi. Ƙarfin da na ji a shekarun nan ba zan sake jinsa ba.

Sai ciki ya tasar mini. Gyambon ciki. In na ci, wuta. In ban ci ba, wuta. Na fara fashin aiki. Shugaban leburori ya ce, "Ishaya, ko likitocin gwamnati su shaida ba ka iya aiki a sallame ka da fansho, ko a kore ka haka nan." Ga yara a makaranta.

Ranar ganin likitocin a Kano, na sha aski, na ari babbar riga wurin maƙwabcina Malam Sale. Ai ba a zuwa gaban manya a wulaƙance.

Babban likita ya ce, "Yaya jiki?"

Na rusuna na ce, "Da sauƙi, ranka ya daɗe."

"Kana cin abinci?"

"Mun gode Allah."

Ga wata nas a tsaye, sa'ar ƙanwata. Ta yaya zan faɗi abin da nake gani a bayan gida a gabanta? Aka ce lafiyata lau, in koma bakin aiki.

Da na ba matata Saratu labari, sai ta ajiye muciya. "Baban Rifkatu, asibiti ka je ko gaisuwar surukai? Kai da kake birgima a tabarma?"

Malam Sale ya ce, "Da na san rigata na warkarwa, ai da haya na ba ka."

Ni dai ban yi dariya ba.

Ran Lahadi bayan sujada kowa ya watse, na zauna a benci ni kaɗai. Na ce, "Ubangiji, kai ba zan ce maka da sauƙi ba. Babu sauƙi. Jini nake zubarwa. Na gaji." Ban taɓa furta haka ga kowa ba. Na yi kuka sosai, na tashi zuciyata ta yi sanyi.

Fasto ya raka ni muka roƙa a sake duba ni, aka yarda. Wannan karon na tafi sanye da tufafin aikina. Na tuɓe riga suka ga haƙarƙari. Na faɗi kome, har launin bayan gida, nas na tsaye tana ji.

Likita ya ce, "Me ya hana ka faɗa wancan karon?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, haka aka koya mana amsa wa manya."

Ran nan aka ba ni gado. Daga baya aka sallame ni da fansho. Halleluya!

Ba zan ce muku na warke sarai ba. Har yau kunu ne abincina. Amma ba yarona ko ɗaya da aka koro daga makaranta, ni kuma ga ni a tsaye. Na gode wa Yesu.

In akwai mai ciwo a nan yana dannewa, ɗan'uwana, kai wa Ubangiji shi yadda yake, ka dogara gare shi, ya iya ji. Sannan ka je ka faɗa wa likita ma. Amin.